Tashar da Ba Kowa

Jiya ni mafarkina bai jira dare ba. Da rana tsaka ya same ni, bayan Azahar, ina zaune cikin tsohuwar motata a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, waya a hannu, gumi a wuya.

Bari in gaya muku abin da ya kai ni. Shekara biyu ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyarmu. Kwanan baya ƙanwata Ladiyo tana kakkaɓe tsohon akwatinta sai ta tsinci wata 'yar na'urar jin waƙa da ba ta fi kwalin ashana ba. A ciki akwai muryar Inna tana daka tana waƙa, Ladiyo ce ta ɗauka a ɓoye tun tana 'yar makaranta. Na'urar ba ta da lasifika, sai ɗan abin sawa a kunne. Baba kuwa ya ce atafau shi ba zai cusa matarsa a kunne kamar maganin ciwo ba, in za a ji ta a ji ta a sarari yadda ta saba. Ga bakin cajin ya lalace, mai gyara ya ce in ya buɗe ta bai ɗauki alkawari ba. Layi biyu na caji suka rage, in suka ƙare shi ke nan.

Ni da ba na raina kaina sai na bugi ƙirji na ce wa Baba kafin La'asar zai ji ta a mota, da lasifika huɗu. Na sayo wani ɗan abu a kasuwa, modileta ake ce masa. A soka shi a ramin kunna taba, a jona wayarsa da na'urar, sannan a murɗa rediyon mota a kai shi tashar da ba kowa, daidai lambar da ke jikin abin. A baki kamar shan ruwa. To, lambobin rediyona sun goge tun zamanin mai motar na farko, sai jar allura kawai ke yawo a fili. Na kunna na'urar, na murɗa hagu, na murɗa dama, ko'ina da mai magana. Ga tuwon da na naɗa da rana ya zauna daram. Na ce bari in jingina kaina minti ɗaya.

Sai ga motar tana tafiya gefe-gefe kamar ƙaguwa. Ban damu ba, don duk motocin titin haka suke yi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana hawa sama, mutane duk sun juya lemarsu sun tsaya a ciki. Wani manomi ya wuce da tsani a kafaɗa zai je duba gyaɗarsa. Na ɗaga masa hannu na ce ya ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara, bana sama ta jiƙa sosai.

"Kai wannan."

Ni ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko a mafarkin ma ba ta fasa ba. Na duba, sai ga ta a cikin 'yar na'urar, da tsakar gidanta cikakke: turmi, taɓarya, randa, murhu. A murhun itace biyu ne ke ci.

"Sannu da gida, Inna."

"Yauwa. Ka rame. Matarka ba ta ba ka abinci?"

"Tana ba ni."

"To ita ke cinyewa ta miƙa maka kwanon. Buɗe mini ƙofa in shiga wajen Malam. Itacen nan biyu su ke nan gare ni, in suka cinye zan koma."

Baba, wanda take kira Malam, yana kujerar baya, da ƙwarya a cinya ba komai a ciki, da ludayi a hannu. Ba ya ganin ta, ba ya jin ta. Ya ce, "Mamuda, an kusa?" Na ce an kusa, Baba.

Na cire takalmina na shiga rediyon, don ba a shiga da takalmi.

Ashe ciki kasuwa ce. Layi ɗaya ne dogo, rumfuna jere, kowace rumfa tasha ce. Jar allurar nan kuwa wata doguwar gora ce mai taya, ana tura ta kamar baro, duk rumfar da ta tsaya a gabanta ita ake ji a mota. Na sa na'urar a aljihun gaba, Inna ta leƙo da kanta, na kama gorar na fara turawa.

A rumfar farko wani mai maganin basir ne. Shekara goma sha ɗaya yana talla bai numfasa ba, wani ƙanensa ne ke numfasa masa a gefe. Na ce, "Malam, ko za ka ɗan sarara mini minti biyar?" Ya ce maganinsa har sararawa yana warkarwa, ya ci gaba.

A ta biyu mai gaishe-gaishe ne. Ya gaida mutanen garin kaf, ya gaida na ƙauyukan kewaye, sunaye suka ƙare masa, ya koma kan kaji. Ina isa ya ce yana gaida Mamuda mai tura gora, da fatan yana cikin ƙoshin lafiya. Wallahi sai da na ji daɗi. Na tsaya jiran ko zai ƙara, Inna ta mintsine ni ta cikin aljihu.

A ta uku wasu dattawa biyu ne ke muhawara. Bakinsu ɗaya a kan komai, amma jijiyar wuya duk ta tashi.

"Na ce maka ruwa yana da amfani!"

"Ƙarya kake yi, amfani gare shi!"

Na wuce ban sa baki ba, kada a ce ni na raba su.

Can sai na hango wata rumfa tsit. Na ce abin nema ya samu. Na tura gorar da gudu, na zaro waya zan jona, sai na ga wani mutum a kan tabarma ya naɗe ƙafa, ya rufe baki da rawani. Ya ɗaga mini wani allo, an rubuta: Ana shirin yin shiru, sai bayan awa uku. Na ce, "To ai shirun nake nema." Ya juya allon, a baya an rubuta: Wannan nawa ne, je ka ofis a ba ka naka.

Inna ta ce, "Kai wannan, itace ɗaya ya kai rabi."

Ofishin Rabon Shiru bene ne mai hawa uku, amma ƙasa ake hawa. Duk ma'aikatan awaki ne. Wani bunsuru mai gadi ya shinshina ni ya ce in shiga, sai dai in bar warina a waje. Na ce ni? Ya ce doka ce. Ban ja ba, na ga gari nasu ne.

Shugabar ofishin wata jar akuya ce mai tabarau, kunnenta ɗaya a tsage. Kallo ɗaya na yi mata na gane ta. Uwar-Ɓarna ce, akuyarmu ta da, wadda ba ta taɓa ganin ƙofa a buɗe ta wuce ba. Ita ce ta cinye mini littafin lissafi ina aji huɗu, aka zane ni a makaranta aka ce ƙarya nake yi.

"Ranki ya daɗe," na ce, don kujera ake gaisarwa.

"Me ke tafe da kai?"

"Tashar da ba kowa nake nema. Ta minti biyar kawai."

Ta miƙo mini takarda na cike: sunana, sunan motata, da irin shirun da nake so, mai kauri ko mai tsaka-tsaki. Na miƙa mata. Ta karanta, ta naɗe, ta cinye. Na ce, "Haba, ranki ya daɗe!" Ta ce takardar da ba a ci ba ai ba ta shiga ofis ba, yanzu maganata tana ciki ana dubawa. Muka zauna tana tuƙa ina kallon ta.

"Wa za a sa a tashar?"

Inna ta leƙo daga aljihu. Suka haɗa ido. Ofishin ya yi tsit, har na so in jona wayata a wurin.

"Ke ce?" in ji Uwar-Ɓarna.

"Ni ce. Har yau ba ki daina cin kayan mutane ba?"

"Shekara tara kina jifa ta da muciya."

"Shekara tara kina cin gerona."

Na ce yau na shiga uku, tsohon faɗa ya tashi a kan takardata. Amma sai akuyar ta cire tabarau ta goge da kunne. Ta ce tun da ta zo ƙasar nan ta ci gero iri-iri, ba ta sami mai daɗin wanda ake kora ta a kansa ba. Ta ce, "Nan kowa ranki ya daɗe yake ce mini. Ba mai ce mini kir." Inna ta ce mata kir. Akuyar ta lumshe ido, ta ce a ƙara. Inna ta ƙara har sau uku.

Nan take akuyar ta rubuta mini lambar tashar a 'yar takarda. Ina miƙa hannu, hali zanen dutse, ta gatsa rabi ta haɗiye. Ta ba ni sauran ta ce in yi haƙuri, rabin ma ya isa mai rabo. Itace ɗaya ya cinye ƙurmus, saura ɗaya.

Sai ga ni a mota. Na jona waya, na danna. Inna ta ɗaga taɓarya ta fara:

"Gerona, yi laushi, yi laushi don mai gemu,
Mai gemu ya tafi gona ya bar hula kan randa,
In ya dawo zai ce wa ya ɗauke mini hula."

Bakinta nake gani yana motsi, amma a motata mai maganin basir ake ji. Muryar Inna kuwa ta fita ta shiga duk motocin garin. Wata tankar mai ta wuce tana rangaji, direban yana share hawaye yana cewa a gaida mai gemu. Keke Napep guda bakwai suka jeru suna rausaya. Wani mai babur da ko rediyo ba shi da ita, waƙar ta riƙa fita ta salansarsa. Har manomin nan ya leƙo daga saman tsani ya ce wace ce wannan, gyaɗarsa ta fara rawa. Gari duk ya ɗauka, kowa na amshi.

Baba ya karkato da kai daga baya. "Mamuda, me mutane ke wa murna?"

"Ba komai, Baba."

"Wannan mai basir ɗin shi ne uwarka?"

"A'a, Baba."

"Na dai ce. Ita ba ta da surutu haka."

Dariya ta zo mini, sai kuma ta maƙale. Gari guda ya ji ta, wanda aka yi waƙar dominsa yana zaune da ƙwarya ba komai. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Na koma cikin rediyon a guje, ko takalmi ban cire ba. Na kama gorar na sheƙa. Rumfuna suna wucewa fuu: basir, gaisuwa, muhawara, wani mai sharhin ƙwallo da ke ta ihu alhali ƙwallon tana zaune a inuwa tana hutawa. Na kai ƙarshen layi na bugi bango, na juyo, na kai wancan ƙarshen na bugi bango. Tsakanin wasu rumfuna biyu nakan ji wani abu ya ɗan taɓa ni sanyi-sanyi, kafin in tsaya na wuce shi.

Aka busa mini usur. Wata hawainiya ce da farar hular masu ba da hannu. Tun da na shigo kasuwar ta fara ɗaga hannu ta tsayar da ni, sai yanzu hannun ya kai sama.

"Ina zuwa da gudu haka?"

"Tashar da ba kowa nake nema."

"Sau nawa ka wuce ta?"

"Ban gan ta ba."

"Sau goma sha huɗu," in ji ta. "Ina ƙirgawa. Ka taka mata ƙafa sau biyu."

Ta ce shirun ƙasarsu siriri ne, bai fi zare ba, a tsakanin rumfa da rumfa yake kwana, kuma ba a ganin sa da ido. Na ce to da me ake ganin sa? Ta buɗe baki za ta ba ni amsa. Na jira. Ta canza launi zuwa kore. Na jira. Ta koma ruwan ƙasa. Na ce ranki ya daɗe sauri nake yi. Ta ce ai shi ne laifin da ta kama ni da shi, hukuncina in tsaya nan sai ta gama magana.

Na leƙa aljihu. Itacen ƙarshe ya zama garwashi. Inna ta jingine taɓarya, ta kife ƙwarya a bakin turmi, tana gyara ɗaurin zane irin na mai shirin fita unguwa.

"Inna, ki ɗan ƙara haƙuri."

"Kai wannan, tun kana yaro haka kake. A aike ka sayen gishiri ka wuce mai gishirin a guje, sai ka kai bakin kasuwa ka dawo kana haki."

"Na yi wa Baba alkawari."

"To ka gaya wa Malam na zo ban same shi ba. Ka ce masa hularsa tana kan randa."

Na durƙusa ina hura garwashin. Ina hurawa tokar na tashi tana yin ƙasa, ruwa na tasowa yana jiƙa mini gwiwa. Na ɗaga murya na kira Baba, sai muryar mai gaishe-gaishe ta fito daga bakina, ina gaida kaji ɗaya bayan ɗaya. Uwar-Ɓarna ta leƙo ta tagar ofis tana tauna igiyar takalmina. Sai na ga gorar ta motsa da kanta. Wani hannu ne babba ya sauko daga sama, mai tsohuwar azurfa a yatsa, ya kama ta da yatsa biyu. A hankali yake tura ta, hankalin da har hawainiyar ta sara masa.

Dum. Dum. Dum.

Na farka da haushi. Na ce wace ce wannan ke daka da tsakar rana a kan kunnen mutum? Wuyana ya ƙage, miyau ya jiƙa mini kafaɗa. Sai na tuna ban kashe na'urar ba na yi barci. Na wawure ta. Layi ɗaya ya rage, yana ƙiftawa.

Dum. Dum. Ashe dakan daga ƙofofin motar yake fitowa, duka huɗun.

Baba yana zaune a kujerar gefena, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ƙofa a buɗe. Ya sunkuya ya kara kunne kusa da rediyon, yatsunsa biyu a kan abin murɗawa, azurfarsa tana ƙyalli. Bai ko dube ni ba.

"Baba, yaya aka yi ka..."

"Shekara arba'in ina kamo mutanen ƙetare a gajeren zango," in ji shi. "Uwarka ce za ta ɓuya mini? Kai murɗawa kake yi kamar mai tuƙa tuwo. Yi mana shiru."

Inna ta yi waƙar gero, ta yi ta mai gemu da hularsa. Baba ya taɓa kansa, hular na nan, ya yi murmushi. A bayan waƙar ana jin kaji, da dariyar Ladiyo tana ƙoƙarin dannewa. Sai aka ji meee, aka ji ƙwarya ta kife, dakan ya tsaya.

"Kir! Kir, Uwar-Ɓarna!" Muryar Inna ta cika motar. "Malam! Malam, kai ne ka bar ƙofar nan a buɗe ko? Kullum sai na faɗa!"

Baba ya janyo ƙafarsa ciki da sauri, ya ja ƙofar motar ya rufe garam.

"To, na rufe," ya ce.

Inna ta koma dakanta. Muka zauna a ciki, gilashi a rufe, zafi kamar gidan burodi, ba wanda ya yi zancen buɗewa. Ta kai ƙarshen waƙar ta sake ɗaukowa daga farko, ta kai wajen hula, sai ɗan layin ya ƙifta ya ɗauke. Rediyon ya koma shuuu.

Na kai hannu zan kashe. Baba ya riƙe mini hannu.

"Bar shi tukuna," ya ce. "Nan ne wurinta. Kada ka ƙara murɗa shi."